Ƙwayoyin polima masu kogo a cikin fenti: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya shiga harkar haɗa fenti ba ya daɗewa sai ya ci karo da wani farin ruwa da ake kawowa a durom, a ce masa da shi ake rage kuɗin titaniyam, wato farin garin titaniyam dayoksaid da ke sa fenti ya rufe bango. Ƙwayoyin polima masu kogo ne a cikin wannan ruwan. Daga nan tambayoyi ke farawa. Waɗanda ke ƙasa su ne suka fi maimaituwa a bakin masu haɗa fenti a ƙananan masana'antu, da ɗaliban kimiyyar sinadarai, da masu shafa fentin kansu. An faro daga tushe, an gangara zuwa lissafi da matsalolin tukunya.

Mene ne waɗannan ƙwayoyin?

Ƙananan ƙwallaye ne na roba, kowanne da ɓawo mai tauri a waje da kogo a ciki. Yawanci da sitairin da akirilik ake yin ɓawon. Waɗanda ake sa wa fentin gini faɗinsu bai wuce maikiron 0.4 ba (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ke nan sai an jera fiye da ɗari kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Ba gari ake sayar da su ba. A cikin ruwa suke zuwa, kimanin kashi 30 cikin ɗari na nauyin shi ne polimar, sauran ruwa. A takardun haɗi da harufa biyu ake taƙaita su, OP, wato "opaque polymer" a Turance, kuma haka za mu riƙa kiransu a nan.

Kamfanin Rohm and Haas na Amurka ne ya fito da su a farkon shekarun 1980 da sunan Ropaque. Takardar mallakar fasahar da aka fi ambata ta fito a 1984, da sunayen Kowalski da Vogel da Blankenship. A 2009 Dow ya sayi kamfanin. Yanzu wasu ma suna yin nasu: Arkema na da Celocor, Organik Kimya na Turkiyya na da Orgawhite.

Roba ba ta da launi, iska ma haka. To daga ina farin yake fitowa?

Wannan ce uwar tambayoyin, wanda ya gane ta sauran za su zo masa da sauƙi. Fari ba rini ba ne da ake zubawa. Abu yana yin fari ne idan hasken da ya faɗa masa ya watse ta ko'ina ya dawo ido, bai samu ya ratsa ya wuce ba. Shi kuwa haske yana karyewa, wani sashinsa ya juyo, duk lokacin da ya fita daga wani abu ya shiga wani wanda ƙarfinsu na karya haske ya bambanta. Dubi kumfar sabulu. Ruwan sabulun ana ganin ƙasan kwano ta cikinsa, iskar ma ba a ganinta, amma da an kaɗa su suka zama dubban kumfa, sai ga fari fat, ba ka ganin abin da ke ƙasa. Ba a ƙara komai ba sai yawan iyakoki tsakanin ruwa da iska.

Akwai ma'auni na wannan ƙarfi. Iska 1.0 ce, ruwa 1.33, danƙon fenti, wato abin da ke riƙe gari ya manne shi a bango, wajen 1.5, ɓawon sitairin 1.59, farin titaniyam irin rutayil kuwa 2.7. Abin lura shi ne tazara, ba girman lambar kaɗai ba. Tsakanin titaniyam da danƙo akwai 1.2. Tsakanin ɓawon OP da iskar cikinsa akwai kusan 0.6. Saboda haka ɓawon ba shi ke rufe bango ba, iskar da ya riƙe ce. Aikin ɓawon shi ne ya tsare wannan iskar a daidai girman da ake so, kada danƙo ya cike wurin.

Girman kogon ma ba a banza aka zaɓe shi ba. Zangon hasken da ido ke gani yana tsakanin maikiron 0.4 da 0.7, kuma abu ya fi watsa haske idan girmansa ya yi kusa da rabin wannan zango. Shi ya sa ake yin ƙwayar titaniyam a tsakanin 0.2 da 0.3, ake kuma yin kogon OP kusa da haka.

In dai titaniyam ya fi kowa ƙarfi, me ya sa ake neman wani abu?

Dalili na farko kuɗi ne. A farin fenti mai kyau, titaniyam kan zama mafi tsada a cikin kayan haɗi, farashinsa kuma ba ya zama wuri ɗaya. Daga ma'adinan ilmenait da rutayil ake tace shi, ko dai da asid ɗin salfa ko da kulorin, kuma duk hanyoyin biyu suna cin makamashi sosai.

Dalili na biyu shi ne wanda ba kowa ya sani ba: titaniyam ba ya son cunkoso. Kowace ƙwaya tana buƙatar ɗan fili kewaye da ita kafin ta watsa haske da cikakken ƙarfinta. Idan ƙwayoyin suka matsu da juna, sai filayensu su shiga cikin juna, biyu su yi aikin da bai kai na biyu ba. Wannan yana soma bayyana ne tun titaniyam ya haura wajen kashi 10 cikin ɗari na cikar busasshiyar fatar fenti, kuma in ya doshi kashi 30, ƙarin da ka yi kusan asara ne. Ke nan kilo na ƙarshe da ka zuba a tukunya shi ne mafi rauni, alhali kuɗinsa ɗaya da na farko. Wannan raunanan kilo na ƙarshe su ake cirewa a sa OP a madadinsu. Kuma da yake OP ƙanana ne, girmansu kusan ɗaya da na titaniyam, ba sa tura ƙwayoyinsa su taru a lungu kamar yadda manyan ƙwayoyin ciko, irin su garin alli, ke yi.

Za su iya maye gurbin titaniyam gaba ɗaya?

A'a. Mataimaka ne, kuma wanda ya ɗauke su magada zai ɓata fenti. Abin da aka saba gani shi ne a cire tsakanin kashi 10 da 20 cikin ɗari na titaniyam ɗin haɗi, rufin, wato ƙarfin ɓoye abin da ke ƙasa, ya tsaya yadda yake. Fentin da dama titaniyam ya yi masa yawa ya fi karɓar ragi. Wanda dama kaɗan ne a cikinsa, kowace ƙwaya tana aiki da ƙarfinta, babu rauni da za a cire. Akwai kuma batun rufi lokacin da fenti yake jiƙe, wanda OP ba su da hannu a ciki. Duba amsar da ke kan wannan a gaba kaɗan.

Yaya ake yin kogo a cikin abin da ido ba ya gani?

Ba huda shi ake yi ba, kumbura shi ake yi. Ana fara haɗa wata 'yar cibiya ta polima mai yawan asid, galibi asid ɗin metakirilik, a cikin ruwa. Sai a gina mata ɓawo na sitairin, hawa-hawa, a cikin tukunya ɗaya. Daga nan, ɓawon yana da zafi yana da laushi, sai a zuba amoniya ko kostik soda. Wannan yana ratsa ɓawon ya kai ga cibiyar, ya kashe kaifin asid ɗin, ita kuma ta soma jan ruwa tana kumbura, tana tura ɓawon waje. Da an huce, ɓawon ya sandare a sabon girmansa, cike da ruwa.

A haka yake zuwa maka a durom, kuma a haka yake zaune cikin bokitin fenti. Sai an shafa, fenti ya soma bushewa, ruwan cikin ƙwayar ya fice ta jikin ɓawon a hankali. Cibiyar ta motse ta lafe a jikin ɓawon ta ciki, iska ta maye wurin. Ɓawon ba ya lotsawa saboda sitairin ba ya laushi sai zafi ya kai wajen digiri 100 na ma'aunin Salsiyos, kuma ana ɗaure sarƙoƙin polimar da juna don ƙarin tauri. A irin na fenti, kogon kan cinye kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na cikar ƙwayar. Abin burgewa ne ƙwarai a ce ana yin wannan da tan-tan, ƙwayoyin kuma su fito kusan kai ɗaya.

Me ya sa fentin ba ya rufewa sosai yana jiƙe, sai ya bushe?

Domin a lokacin kogon ruwa ne a ciki, ba iska ba. Tazarar ɓawo da ruwa ba ta kai 0.3 ba, ta ɓawo da iska kuwa ta kusa 0.6, kuma ƙarfin watsa haske yana hawa ne fiye da ninkin tazarar. Saboda haka a jiƙe titaniyam ne kaɗai ke ɗauke da nauyin rufi. Za ka ga an ja rola a kan tsohon bango mai duhu, tsohon launin yana leƙowa ta ƙasa kamar ba a yi komai ba, sannan bushewa ta faro daga gefe inda shafin ya fi sirara, farin yana cin tsakiya har duhun ya ɓace.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai shafa. Da ido yake aiki, kuma abin da ya gani a jiƙe shi yake yarda da shi. In ya ga bai rufe ba, zai sake bi, ya kaurara shafi, fentin ya zubo, ko ya ce kayan ba su da kyau. Mai haɗin da ya kalli rufin busasshe kaɗai ya manta da wannan mutumin ya yi rabin aiki ne.

Mene ne bambancinsu da ciko irin su alli da farar laka?

Kalsiyam kabonet, wato garin alli, da kawolin da talk duk farare ne a buhu, amma ma'auninsu yana tsakanin 1.55 da 1.65, dab da na danƙo. A buhu iska ce ke kewaye da su, shi ya sa suke fari. Da danƙo ya jiƙa su sai farin ya gushe. Su kansu ba sa rufi.

To amma akwai dabarar da aka daɗe ana yi da su. Idan aka cika gari har danƙo ya kasa lulluɓe shi duka, sai a bar ƙananan ramuka na iska a cikin fatar fenti, waɗannan ramukan kuma su watsa haske. Fenti mai araha da wannan yake rufewa. Illar ita ce ramukan a buɗe suke, suna haɗe da juna har zuwa saman fata. Datti yana shiga, tabo yana zama, in an goge da soso sai fentin ya biyo, in ka shafa hannu ka ga fari a tafinka. OP iskar nan dai suke kawowa, amma a rufe, kowace a ɗakinta. Danƙo ya lulluɓe ƙwayar ta waje, fata ta zauna a haɗe, iskar tana nan. Wannan shi ne ainihin amfaninsu, ya ma fi batun rage kuɗi muhimmanci a ganina.

A lissafin haɗi, danƙo ne su ko gari?

Gari ne, ko da yake polima ne kuma a ruwa suke zuwa. Ba sa narkewa su haɗe su yi fata, ba sa riƙe komai. Su ma riƙe su ake yi. Wanda ya lissafa su cikin danƙo, ya rage danƙon gaske a kan haka, zai samu fenti mai tsagewa da barin gari.

Masu haɗi suna aiki da wani ma'auni da ake kira PVC, wato kason da gari ya ci a cikar busasshiyar fata. Ba shi da alaƙa da robar bututun ruwa. Akwai kuma iyakar da in an haura ta danƙo ba ya isa, ita ake kira CPVC, kuma daga nan ne ramukan da aka bayyana a amsar ciko suke farawa. OP dunƙulallu ne sumul, ba sa shan danƙo da yawa kamar gasasshiyar laka, don haka sukan ɗan ɗaga wannan iyaka. Wannan yana ba ka sarari, amma ba izinin yin sakaci ba ne.

Zan iya cire kilo ɗaya na titaniyam in sa kilo ɗaya na OP?

Nan ne aka fi yin ɓarna. Fenti a lita ake lissafinsa, ba a kilo ba, domin fili ne ƙwayoyin suke rabawa a cikin fata. Titaniyam yana da nauyi, lita ɗaya tana kai kilo 4, ke nan kilo ɗaya rubu'in lita kawai ya ci. Busasshen OP kuwa, saboda iskar cikinsa, lita ɗaya wajen kilo 0.6 ce. Ɗauki kilo ɗaya daga durom: gram 300 ne polima, kuma gram 300 ɗin nan za su ci kusan rabin lita a fata. Ka cire rubu'in lita ka mayar da rabin lita. Garin ya ƙaru, danƙon yana nan yadda yake, PVC ya hau ba ka sani ba. In dama kana kusa da iyaka, ka tsallake ta.

Abin da ya dace shi ne a mayar da komai zuwa lita, a tsai da PVC ɗin da ake so, sannan a rage wani ɓangare na ƙananan ciko don a ba OP wuri. A tuna kuma da ruwan da suka shigo da shi, a cire kwatankwacinsa daga ruwan haɗi, in ba haka ba kaurin fentin zai faɗi. Wani abu da ke biyo baya: fentin zai fi sauƙi a ma'auni. Ga mai sayarwa da lita wannan ba matsala ba ce. Ga mai sayarwa da kilo, sai ya sake lissafin ribarsa.

A wane mataki ake zuba su?

A matakin haɗi na ƙarshe, bayan an gama niƙa titaniyam da ciko, ana juyawa a hankali. An riga an warwatsa su tun daga masana'anta, ba sa buƙatar niƙa, kuma zafi da gudun faifan niƙa ba abin da za su ƙara musu sai kumfa da haɗarin dunƙulewa. A motsa durom ɗin kafin a ɗiba.

Me ke iya rushe kogon?

Abu biyu: sinadarin da ke narkar da sitairin, da zafi mai tsanani. Tina mai ƙarfi irin su zailin da tolwin suna tausasa ɓawon, kuma da ya yi laushi, lokacin bushewa sai ya lotsa. Kogon da ya rufta ba ya dawowa. Abin da ya saura ƙwayar roba ce mai ma'auni 1.59 a cikin danƙo mai 1.5, wato ciko mai tsada.

Ko a fentin ruwa akwai wurin taka-tsantsan. Ana sa wani sinadari kaɗan don ya tausasa ƙwayoyin danƙo su haɗe su yi fata. Shi wannan bai san danƙo daban, OP daban ba. In aka kwarara shi tsurarsa a kan OP, ko aka sa fiye da kima, zai taɓa ɓawon. A fara zuba danƙo, a sa sinadarin a hankali tukunya tana juyawa, kuma a lissafa yawansa a kan danƙo kaɗai. Alamar an yi kuskure ita ce rufin ya yi kyau ranar haɗi, bayan fentin ya kwana biyu a bokiti, musamman a wuri mai zafi, sai ya ragu.

Ke nan ba a sa su a fentin mai?

Na yau da kullum an yi su ne don fentin ruwa. Akwai nau'o'i na musamman masu ɓawon da aka ƙara ɗaurewa don fentin mai irin alkid, amma sai an nemi su da suna, an kuma bi ƙa'idar mai su. Fentin da ake gasawa a tanda, kamar na jikin mota da na kayan ƙarfe, ba wurinsu ba ne, saboda dalilin zafi da aka faɗa a sama.

Yaya batun fenti mai launi?

Duk abin da ke watsa haske yana kashe kaifin launi, ya mayar da shi fari-fari. OP ma haka. A launuka masu haske suna aiki kamar yadda suke yi a fari, sai dai dole a sake daidaita ƙarfin ɗaukar launi na tushen fentin, wato farin da ake zuba wa launi, in ba haka ba injin haɗa launi zai zuba adadin da ya saba, launin ya fito daban. Kuma hasken da OP ke ƙara wa launi ba ya bayyana sai fentin ya bushe, domin a lokacin ne kogon ke cika da iska. A launuka masu duhu sosai, baƙi, shuɗi mai duhu, ja wur, ba a buƙatarsu. Can rufin daga shanye haske yake zuwa, ba daga watsa shi ba.

Suna shafar sheƙi da jure wanki?

Suna shafa. Da yake ƙanana ne sumul, sukan ɗaga sheƙi idan suka maye gurbin ciko mai kaushi. Mai son fenti mara sheƙi sam sai ya bar ɗan ciko mai manyan ƙwayoyi don ya danne shi. A fenti mai sheƙi sosai kuwa akasin haka ne: duk garin da aka ƙara yana cin sheƙi, don haka kaɗan ake sawa.

Jure wanki ya dogara ne ga inda ka tsaya game da CPVC. Idan ka yi amfani da OP ka samu rufi ba tare da ka tsallake iyaka ba, fata za ta fi jure goga da tabo. Idan ka yi amfani da su ka ƙara matse danƙo, za ka samu rufi mai ban sha'awa da fenti mara ƙarko. Zaɓin na mai haɗi ne, kuma bango zai tona shi.

A waje fa, ruwan sama ba zai sake cika kogon ba?

Ana amfani da su a fentin waje sosai. Ɓawon a rufe yake, ruwa ba ya kwarara ciki kamar yadda yake shiga buɗaɗɗun ramuka. In jiƙewa ta daɗe, danshi na iya ratsawa ya ɗan rage farin, amma da an bushe yakan dawo, tunda ɓawon bai lotsa ba. Duk da haka, haɗin waje ba a yanke masa hukunci a ɗakin gwaji kaɗai. A shafa a allo a kafa shi a rana da ruwa tare da tsohon haɗin, a bar su su shekara.

Yaya ake gwada rufi yadda ya kamata?

Da katin gwaji mai rabi baƙi rabi fari. Ana zuba fentin a sama, a ja shi da sandar shimfiɗa mai tsayayyen tsagi don kaurin ya zama ɗaya, a bari ya bushe. Sai a auna hasken da ke dawowa daga kan baƙin, a raba da wanda ke dawowa daga kan farin. In sakamakon ya kai 0.98, ana ɗaukarsa cikakken rufi. Ƙa'idojin ISO 6504-3 da ASTM D2805 a kan wannan suke, kuma lissafin da ke bayan ta biyun ya samo asali ne daga aikin Kubelka da Munk na 1931.

Wanda ba shi da na'urar awo ma zai iya ganin abu da yawa da ido, muddin ya ja tsohon haɗi da sabo gefe da gefe a kati ɗaya, da ja ɗaya. A duba su nan take suna jiƙe, a sake dubawa washegari. A kula da wata yaudara: ɗigon baƙi kaɗan a farin fenti yana ɗaga lambar rufi, amma yana dusashe farin. Saboda haka a riƙa kwatanta haske tare da rufi, kada a ɗauki ɗaya a bar ɗaya.

Akwai wata polimar da ake cewa tana manne wa titaniyam. Ita ce wannan?

Ba ita ba ce. Waccan, irin Evoque na Dow wanda ya samu lambar yabon kimiyyar sinadarai mai kare muhalli ta Amurka a 2013, ba ta da kogo. Danƙo ce da ke lafewa a jikin kowace ƙwayar titaniyam ta hana ta matsar 'yar'uwarta. Maganin cunkoso ce kai tsaye, kuma tana taimaka wa rufin jiƙe. OP sabon mai watsa haske ne. Ana iya haɗa su a fenti ɗaya.

Ban da fenti, ina ake amfani da su?

A shafen takarda, inda ake amfani da manya masu faɗin maikiron ɗaya. Suna sa takarda ta yi fari da sheƙi ba tare da ta yi nauyi ba. A takardar risit mai aiki da zafi, ana shimfiɗa su a ƙasa don iskar cikinsu ta tare zafin kan na'ura kada ya tsere cikin takardar. Akwai ma wata takardar risit da Dow da kamfanin Koehler na Jamus suka yi, wadda ta samu irin waccan lambar yabo a 2017: ana rufe shafi mai duhu da waɗannan ƙwayoyi, duk inda zafi ya taɓa sai kogon ya rufta, duhun ƙasa ya bayyana ya zama rubutu. Abin da mai fenti ke gudu shi suka mayar aiki, kuma da haka suka rabu da sinadaran bisfinol. Ana kuma sa danginsu a man kariya daga rana don su ƙara masa ƙarfi.

Suna da illa ga lafiya ko muhalli?

A ruwa suke, ba sa tashi ƙura, ba sa kama wuta a yadda ake kawo su. Wasu suna da warin amoniya, kuma akwai maganin ƙwayoyin cuta a ciki wanda kan sa wa wasu ƙaiƙayin fata, don haka safar hannu da tabarau da iska mai shiga da fita wajibi ne. A karanta takardar kariya ta kowane kaya.

Ta fuskar muhalli, rage titaniyam riba ce ta gaske. Amma kada a manta roba ce, daga man fetur aka yi ta, kuma ba ta ruɓewa. Dokar Tarayyar Turai ta 2023 a kan ƙananan ɓurɓushin roba ba ta hana sa irinsu a fenti ba, saboda suna ƙarewa a ɗaure cikin busasshiyar fata, amma ta ɗora wa kamfanoni nauyin ba da bayanin amfani da zubarwa da kuma kai rahoto. Wurin da suke tserewa shi ne ruwan wankin tukunya da rola da burushi. Wannan ruwan bai kamata ya bi kwata ba. A tara shi, a bari ya kwanta ko a daskarar da shi, a zubar da abin da ya kwanta a matsayin shara mai ƙarfi.

Yaya ake ajiye su?

A rufe ruf, a inuwa, kada su daskare don sanyi, kada kuma su gasu a rana. Durom ɗin da aka bari a buɗe yakan yi busasshiyar fata a sama, ita kuma ta farfashe ta zama tsaki a fenti. In hakan ta faru a tace kafin a zuba. Kayan ɗiba su kasance masu tsabta, domin ƙwayoyin cuta suna son irin wannan ruwa.

Mai shafa fenti zai iya sayen OP ya ƙara wa fentin da ya saya?

Bai kamata ba. Fentin da ke bokiti an riga an auna danƙonsa daidai da garinsa. Ƙara OP ƙara gari ne ba tare da danƙo ba, ga ƙarin ruwa. Zai iya ganin farin ya ƙaru, amma ya sayar da ƙarkon fentin. In rufi ne matsalarsa, shafin share fage mai launi kusa da na ƙarshe, da daina tsinka fenti da ruwa fiye da abin da aka rubuta a bokiti, sun fi masa amfani.

Na rage titaniyam na sa OP, katin gwaji ya yi daidai, amma masu shafa suna ƙorafi. Ina matsalar take?

A fara tambayarsu wane irin ƙorafi ne, domin kowanne da inda yake nunawa. In sun ce "ba ya rufewa", alhali busasshen ya rufe, rufin jiƙe ne ya faɗi: ka zarce a ragin titaniyam, sai ka mayar da wani ɓangare. In sun ce yana barin gari a hannu ko yana bin soso, ka tsallake CPVC, koma amsar kilo da lita ka sake lissafi. In sun ce yana fantsama ko yana zubowa, ruwan da OP suka shigo da shi ne ba a cire ba, ko kuma sinadarin kauri yana buƙatar sabon awo, domin wasu irinsa suna kama jikin ƙwayoyin polima, kuma ka ƙara musu wurin kamawa. In sun ce gyaran da aka yi a tsakiyar bango yana fitowa daban, duba sheƙi da ƙarfin ɗaukar launi.

Kati sumul ne, sanda kuma tana shimfiɗa kauri ɗaya. Rola ba ta yin haka: tana barin tudu da kwari, kuma ta kwarin ne tsohon launi ke leƙowa. Fentin da ba ya kwanciya bayan rola zai gaza a bango ko da lambarsa ta yi kyau a kati. Don haka kafin a sauya haɗi, a yi matakai uku ko huɗu na ragin titaniyam, a ja kowanne a kati, sannan a ba mai shafa na gaske ya bi da rola a kan allo mai ratsin toka, ba tare da an gaya masa wanne ne sabo ba.